An kai hari tun 2022, amma akawunmu har yau ya ƙi hanyar Abuja: tsoro ne ko fakewa?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke riƙe da mutane a wurin aiki. Ni ke kula da sha'anin ma'aikata a wani kamfani nan cikin garin Kaduna, suna ba dole ba ne. Muna da wani akawu, mutumin kirki, ba a taɓa kama shi da kuskuren ko sisi ba. Yana cikin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka tare daren Litinin 28 ga Maris 2022 tsakanin Katari da Rijana. Allah Ya tsare shi, ko ƙwarzane bai samu ba, kuma ba ya cikin mutum sittin da wani abu da aka shige daji da su. To yau sama da shekara uku ke nan, in aiki ya taso a Abuja sai ya ce a tura wani. Jirgi a'a, mota a'a. Ba ya son a tambaye shi ina za shi ko yaushe zai tashi, ko masinja ne ya tambaya sai ya haɗe rai. Teburinsa ma ya juya shi, ba ya yarda ya ba ƙofa baya. Sauran ma'aikata sun fara ƙorafi su kaɗai ake aika, manaja ya ce in rubuta masa takardar tuhuma. Hannuna ya ƙi rubutawa. Shin har yanzu tsoro ne, ko dai ya samu wurin fakewa?

Alhaji Na-Bacci:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai rubuta kawai. Lokacin da jirgin ya tsaya, daga Maris ɗin har 5 ga Disamba, mu 'yan kasuwa ta ina muke bi? Ta Rijanar nan muke wucewa da kaya, kowa na karanta abin da ya sawwaƙa a bakinsa. Ba mu da tsoro ne? Muna da shi. Amma wanda ba albashi ke jiransa a ƙarshen wata ba, tsoronsa ba ya daɗewa. Ka tsayar da alawus ɗinsa ka gani ko ba zai tsinci kansa a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da asuba ba.

Maman Iman:
Alhaji da girmanka, amma wucewa ta wurin da ake harbi daban, kwanciya a ƙasan tarago cikin duhu kana jin ana kiran mutane ana fita da su daban. Ni nas ce. Akwai abokiyar aikina da ƙanenta ya ji rauni a harin, ita ta yi jinyarsa. Ita fa ko jirgin ba ta shiga ba. Wata rana muna ɗakin ɗaurin ciwo, yarinya ɗaliba ta saki farantin ƙarfe da almakasai a ƙasa. Kafin in waiga baiwar Allah nan tana durƙushe bayan gado, hannu biyu a ka, safar hannunta duk jinin mara lafiya tana shafa wa hijabinta ba ta sani ba. Da ta miƙe sai ta kama dariya don kunya, amma yatsunta sun ƙi tsayawa, sai ni na ƙarasa ɗinkin. Wannan wace fakewa ce? Me za ta samu?

Direban Oga:
Ni dai abin da na sani, bayan harin manyan wurinmu sun daina bin hanya. Su bi ta Kano su hau jirgin sama, ni kuma a ce in kai mota Abuja in jira su a filin jirgi. Ni kaɗai, da jif mai baƙin gilashi, wadda duk wanda ya hango ta daga daji ya san ba ta talaka ba ce. Ba wanda ya taɓa ce mini a wane lokaci zan tashi ko wa zan kira in wani abu ya faru. Tun daga nan na san matsayina.

Abu Sumayya:
'Yan'uwa mu ji tsoron Allah. Abin da zai same ka ba zai kuskure maka ba. Mutane nawa suka gudu daga hanya suka koma jirgi don tsira, ajali ya same su a can? A ja bawan Allah nan a yi masa nasiha, ya riƙe azkar na safe da yamma, ya yi tawakkali. Yawan wannan tsoron rauni ne a imani.

Malamin Firamare:
Ustaz, nasiha kam tana da kyau, amma a sassauta kalmar raunin imani. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bar Masar yana cikin tsoro yana waige-waige, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ya yi rauni. Kuma wanda aka ce ya yi tawakkali an fara ce masa ya ɗaure raƙuminsa.

Ni a ƙaramar hukumar Chikun nake koyarwa. Ba a Kuriga ba, amma tun ranar 7 ga Maris 2024 da aka kwashe yaran can da safe, ajina ya canza. An ce 287 da farko, daga baya 137 aka dawo da su, malamin da aka tafi da shi tare da su kuma bai dawo da rai ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya tsaya wa malamai a wuya. Makarantarmu ba katanga. In babur ya wuce guda ɗaya, ba komai. In na ji biyu ko uku tare, alli na tsayawa a hannuna, idona na kan taga, bakina na ci gaba da karatu amma ban san me nake faɗa ba. Yaran ma sun gane, sai su yi tsit su zuba mini ido. Kuma gaskiyar magana ba mutuwa ce ke hana ni barci ba. Lissafi ne. In an ɗauke ni, wa zai haɗa kuɗin fansa? Gonar gado ce kawai, mu bakwai a kanta. Kowane malami da na sani a yankin nan ya riga ya yi wannan lissafin a zuciyarsa, shi ya sa kowa ke neman a mayar da shi cikin gari.

Abu Sumayya:
Na karɓi gyara kan lafazin, Malam. Amma ina nan kan cewa addu'a magani ce.

Maman Iman:
Ba wanda ya musa, Ustaz. Mai hawan jini ma yana addu'a yana shan ƙwayarsa.

Ɗan Dogarawa:
Ku da kuke ganin shekara uku ta yi yawa, ku zo Zariya. Ranar 7 ga Yuli 2015, cikin azumi, ma'aikata na kan layin tantancewa a sakatariyar Sabon Gari bam ya tashi, mutum 25 gwamna ya sanar sun rasu. Malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata, kowa da fayil ɗinsa a hammata. Yayana na cikin waɗanda suka tsira. Ya yi ritaya yanzu, amma har gobe ba ya tsayawa a layi. Banki, asibiti, rumfar zaɓe, in ya ga mutane sun taru sai ya koma gefe can ƙarƙashin bishiya ya ba yaro katinsa ya riƙe masa wuri. Ranar da aka kira su tantance 'yan fansho, kwana ya yi yana zagawa bayi. Sama da shekara goma fa ke nan.

Alhaji Na-Bacci:
To shi wannan ya ga gawa da idonsa. Na Yallaɓai an ce ko ƙwarzane.

Dokta M.:
Bari in sa baki, tunda ɓangaren aikina ne. Alhaji, rauni a jiki ba shi ne ma'auni ba. Abin da ke bar wa mutum tabo shi ne ya kai matsayin da ya sakankance yau zai mutu kuma ba abin da zai iya yi. Wanda ya kwanta ƙarƙashin kujera yana kalmar shahada ya kai wannan matsayin ko harsashi bai taɓa shi ba.

Yawancin mutane bayan irin wannan suna shan wahala na makonni, rashin barci, mafarke-mafarke, faɗuwar gaba, sannan abin ya lafa da kansa. Haka aka fi gani, kuma Alhaji yana cikin masu wannan sa'ar. Amma akwai waɗanda abin ke zarce musu wata guda, ya shiga shekaru. Alamominsa sanannu ne: abin ya riƙa dawo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, ya riƙa kauce wa duk abin da zai tuna masa, ya zama kullum a zabure. Sai na huɗu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, kuma a ganina shi ya fi taurin kai: tunanin mutum game da duniya ya sauya. Ya yanke cewa ba inda yake da aminci, ba wanda za a yarda da shi, in abu ya faru ba mai zuwa, wani lokaci ma ya ɗora wa kansa laifi, me ya sa ni na tsira na kusa da ni bai tsira ba. Zabura tana raguwa da lokaci. Wannan hukuncin da zuciya ta yanke kuwa ba ya gogewa don kawai kalanda ta juya, sai mutum ya ga abin da ya ƙaryata shi.

Kauce wa hanyar kuma shi ke ciyar da tsoron. Duk ranar da aka ce Abuja ya ce a'a, sai ya ji sanyi a ransa, ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa ƙin zuwan ne ya cece shi. Haka zai yi ta tafiya. Amma a kula, maganin ba shi ne a tura shi da ƙarfi ba. Wanda aka tilasta wa da barazanar kora, ko ya je ya dawo lafiya, abin da zai koya shi ne ofis ɗinsa bai damu da shi ba, wato an tabbatar masa da abin da yake zargi.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2011 an tayar da bam a unguwar ma'aikatun gwamnati a Oslo, babban birnin Norway, mutum 8 suka mutu a wurin. Masu bincike sun bi ma'aikatan ma'aikatun nan shekara da shekaru. Waɗanda ke wurin lokacin da abin ya tashi sun fi daɗewa ba su saki jiki da ofis ba, kuma waɗanda suka ga an ɗauki tsaro da muhimmanci, an koya musu yadda za su fice in wani abu ya taso, sun fi samun natsuwa. Ƙasar da ba ta saba jin ko ƙarar bindiga ba ke nan. Mu namu ya fi wuya ta wani gefen, don su an yi sau ɗaya an gama, mu kuwa ba za ka kalli mutum ka rantse masa ba za a sake ba. Kwana biyu kafin harin jirgin ƙasan an kai hari filin jirgin saman Kaduna, kafin nan an shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, a Agustan 2021, ga ɗaliban Afaka da aka sace, ga na Greenfield, ga na Bethel, duk a shekara guda. Don haka ba na ce wa mara lafiya tsoronka ba shi da dalili. Abin da muke yi shi ne mu raba tsoron da ke sa ka tashi da wuri ka iso kafin magariba, da wanda ke hana ka fita gaba ɗaya.

Anti Ladi:
Likita ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu a Kaduna ai wannan tunanin ya girmi jirgin ƙasa. Tun rikicin 2000 da na 2002 gari ya rabu, kowa ya koma gefen kogin da yake ganin nasa ne. Ina zaune a Sabon Tasha, ina aiki a Kawo. Har yau in aka ce wani abu ya faru, ko jita-jita ce a WhatsApp, kafin azahar ofis ya watse, mu mu ruga mu haye gada, abokan aikinmu na Tudun Wada da Rigasa su ma su ruga nasu gefen. Mutanen da muke ci a kwano ɗaya fa. Washegari a dawo a gaisa kamar ba a yi ba, ba mai tayar da zancen.

Bappa:
Tunda an zo nan bari in faɗi nawa, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ni Bafulatani ne, a Kaduna aka haife ni, ma'ajin kaya nake riƙewa a wurin aikinmu. Tun da aka fara maganar infoma, wato masu kai wa 'yan bindiga rahoto, in na shigo ana tsara tafiya sai a yi shiru, wani ya ce "za mu yi magana anjima". In wayata ta yi ƙara na amsa da Fulatanci, ina jin idanu a bayana, alhali gwaggona ce ke tambayar kuɗin magani. Shanun mahaifina 'yan bindigar nan ne suka kore su, ɗan baffana sai da muka biya kafin ya dawo. Amma a ofis ni ne abin tsoro. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a fuska, da ma an faɗa da na samu bakin amsawa.

Direban Oga:
Bappa wallahi mu ma direbobi da masu gadi haka. Da an ɗauke wani, mu ake fara kira.

Alhaji Na-Bacci:
Amma fa infoma gaskiya ne, ba ƙage ba. An sha kamawa, wani ma ɗan gida ne.

Bappa:
Gaskiya ne Alhaji. To a yi tsari: jadawalin tafiya mutum biyu ko uku kawai su sani, kowa ya san doka ce ta kowa. Wannan ba zai ɓata wa kowa rai ba. Abin da ke ciwo shi ne a bar tsari a koma kallon fuska da jin harshe.

Kwamared:
Yallaɓai Baban Khalifa, kafin ka sa hannu a wannan takardar ka san inda doka ta tsaya, kada gobe a ce kai ka rubuta. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, asusun inshorar ma'aikata na tarayya, ke gudanarwa, ba karaya da yankewar yatsa kawai ta sani ba. Ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa da ta biyo bayan wani mummunan abu da ya auka wa ma'aikaci kwatsam a bakin aikinsa. Kamfani na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi don irin wannan ranar. In aikin ofis ne ya kai shi Abuja a ranar, to a bakin aiki abin ya same shi. Matsalar ita ce wa'adi: ana son a shigar da buƙata cikin shekara guda, kuma mafi yawan ma'aikata ba su ma san da zancen ba sai lokaci ya wuce. Sannan akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta hana a nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda irin wannan lalurar. Tambayata: kamfaninku ya taɓa kai rahoton abin da ya same shi? Ya taɓa tura shi ganin likita?

Baban Khalifa:
Kwamared, lokacin ban zo wurin ba, amma na duba fayil ɗinsa, ba komai a ciki sai takardar hutun kwana uku. Da na karanta bayanin Likita sai na zauna da akawun bayan la'asar, ba a ofis ba, a wurin mai shayin bakin titi. Da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce shi ba jirgin ne ya fi tsaya masa a rai ba. Washegarin harin, yana zaune a gida da kayan da ya kwana da su, ƙafarsa ba takalmi don a tarago ya bar su, sai ga kira daga ofis. Ya ɗauka jaje za a yi masa. Aka ce ina kwamfutar kamfani da takardun da ya karɓo, an tsira da su? Ya ce tun daga ranar ya san in da an shiga daji da shi, kwamfutar za a fara nema. Waɗanda aka tafi da su sai 5 ga Oktoba aka sako 23 na ƙarshe, ya ce duk tsawon watannin nan yana ƙirga wa kansa, da ni ne da yanzu an ɗauki wani a kujerata. Ya ce ya fara tunanin gwadawa, sai jirgin ya sauka daga kan layi a Asham a Agustan 2025, ya ga bidiyon mutane na fitowa ta taga, komai ya dawo sabo.

Maman Iman:
Innalillahi. Kwamfuta!

Malamin Firamare:
Kun ji ko? Lissafin da na faɗa ne. Ba hanya yake gudu ba.

Alhaji Na-Bacci:
Wanda ya yi wannan kiran bai kyauta ba, ko yaron shagona ne sai na fara cewa sannu. Amma Yallaɓai, aiki dai aiki ne. Sauran da ake aikawa su ma 'ya'yan wasu ne. Birnin Gwari ma da aka yi sulhu a ƙarshen 2024 kasuwar shanu ta dawo ci, mutane na bin hanyar da a da sai da rakiyar soja. Ba za a zauna haka har abada ba.

Dokta M.:
A nan kam ina tare da Alhaji, ba za a zauna haka ba, don shi kansa akawun ne ke cutuwa, duniyarsa na ƙara ƙunci. Amma akwai yadda ake yi. A fara da ganin likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa na nan, akwai kuma sashen a asibitin Barau Dikko da na Shika a Zariya. Na san da an ce Barnawa mutane ke ja da baya, a ce an mayar da su mahaukata, alhali yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa, daga ofis, su koma ofis. Maganin da ya fi aiki a wannan lalurar zama ne na magana da wanda ya ƙware, ƙwaya taimako take yi in an buƙace ta. Sannan a koma wa abin da ake tsoro kaɗan-kaɗan, da yardarsa. Yau ya je tashar Rigasa ya tsaya ya ga jirgi ya tashi ya dawo gida. Wani makon ya shiga ciki. Daga baya tafiyar safe, da abokin aikin da ya yarda da shi, ba shi kaɗai ba. Wani cikin 'yan watanni yake warwarewa.

Abin da likita ba zai iya yi muku ba shi ne ɓangaren ofis. Manaja ya kira shi ya ce abin da aka yi maka ranar nan ba daidai ba ne. A rubuta dokar tafiya: ba tashi bayan azahar, ga lambar da za a kira, ga abin da kamfani ya ɗauka zai yi wa iyalinka in wani abu ya faru. Sauran masu ƙorafin ma za ku ga ashe abin da ke ransu ke nan, shi ne kawai ya fito da nasa fili.

Anti Ladi:
Manajan da ya ce a rubuta tuhuma shi zai ba da haƙuri? Likita ka san manajojin Kaduna kuwa?

Baban Khalifa:
Anti bari in gwada. Zan shigar masa ta ƙofar Kwamared, in ya ji zancen doka da diyya zai saurara fiye da in na ce tausayi. Takardar dai na ajiye ta a aljihun tebur.

Direban Oga:
Yallaɓai in za ku rubuta dokar tafiyar nan, don Allah a sa direbobi a ciki da sunan aikinsu. In aka rubuta "ma'aikata" kawai, ranar da abu ya faru za a ce mu 'yan kwantiragi ne.